Ranar da Na Jefi Karen Mai Masaukina

Shekarun baya, lokacin da nake yawan zuwa Guangzhou saro jakunkunan mata, hutun sabuwar shekarar 'yan China ya taɓa ritsawa da ni a garin. Wanda ya san Guangzhou ya san abin da nake nufi. Kasuwannin Guangyuan West da ko wurin ajiye ƙafa ba ka samu, sai ka wayi gari an ja ƙofofi an datse, kowa ya tafi ƙauyensu. Kayana ba su gama fitowa daga masana'anta ba, jirgina kuma sai bayan mako biyu. Aikina ya koma daga masauki sai masallaci, sai zarya a titin Huanshi Lu ina neman inda zan samu shinkafa mai zafi.

Mu biyu ne a ɗaki, ni da abokina, wani mutumin Maraɗi da ya riga ni shiga China da shekaru, har yana jin yarensu daidai gwargwado. Shi ne ya shigo wata safiya yana washe baki, ya ce laoban ya kira, yana gayyatarmu shan iska.

Laoban, wato maigida, haka muke kiran dattijon da muke sayen jaka a masana'antarsa da ke Shiling. Shekara huɗu ina hulɗa da shi, bai taɓa canza min fata ba, bai taɓa ce min babu a kan abin da yake da shi ba. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo yana wata ƙasa, don haka shi ma ba shi da inda zai je hutun. Yana da wani ɗaki mai taya da yake ɗaurawa a bayan motarsa, ya ja shi zuwa bakin ruwa ya yi kwana biyu ko uku. Ya ce tunda mu ma ba mu da kowa a garin, mu zo a tafi tare.

Na ce madalla. Sai da na gama murnata abokina ya ce, "Amma fa da karnuka biyu za a tahi."

Jama'a, a nan dole in tona wa kaina asiri. Ni mutum ne da gemuna da 'ya'yana huɗu, amma idan na ga kare ƙafafuna ba sa shawara da ni. Ina ɗan shekara takwas wani kare ya cije ni a ƙwauri a bayan layinmu, tabon yana nan har gobe. Ga shi kuma na tashi a hannun mahaifiyata, wadda ko leƙo zaure kare ya yi sai an wanke zauren tas. Na ce wa abokina a kai kasuwa.

"Haba Alhaji," ya ce. "Dattijo ya gayyace ka, ka ce tsoron kare kaka ji? Ku Kanawa sai cika baki cikin kasuwa. Bon, bari in kira shi in hwaɗa mishi Alhaji matsoraci na."

Kunya ce ta sa ni shiga motar nan, ba jarumta ba.

Da hantsi ya zo ya ɗauke mu. Ɗakin fari ne, a ciki akwai gado biyu, da ɗan wurin girki, da banɗaki ƙarami wanda in ka shiga sai dai ka fito da baya. Karnukan suna kujerar bayan mota. Ɗaya ƙarami ne mai rawar kai, ɗayan kuwa tsoho ne ja, bakinsa ya yi furfura, idonsa na hagu ya yi fari. Na yi wuf na shige gaba. Abokina ya zauna tsakaninsu kamar tare suka tashi. Tafiyar awa biyu da wani abu zuwa arewacin gari, duk a takure na yi ta, ƙaramin yana hura min numfashi a ƙeya, ni kuma ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina. Laoban ya kalle ni ya ce da ɗan turancinsa, wannan aboki ne, ba ya cizo. Na ce to. A raina kuwa na ce wanda ya cije ni ma haka mai shi ya ce.

Bakin wani tafki muka sauka, tsakanin tsaunuka. Ta gabas akwai wani ƙauye da ake ta fasa nokawut na biki, ta yamma gangare ne mai bin bakin ruwa, ta arewa kuma tudu ne cike da gora. Akwai wasu iyalai nan da can da tantinansu. Da laoban ya fara fito da kaya sai jikina ya yi sanyi. Tukwane sababbi ya sayo, takardar shago ma ba a ɓare ba, da sabuwar wuƙa. Bai taho da naman alade ba, bai taho da giya ba, alhali na san yana ɗan taɓawa. Kafin ya kafa ɗakin sai da ya tambayi ina muke kallo in za mu yi sallah, ya bar mana shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ta wannan gefen.

Da yamma muna shan shayi, tsohon karen ya zo ya ɗora haɓarsa a kan takalmin laoban. Dattijon ya cusa ƙwayar magani a cikin ɗan nama ya ba shi, sannan ya fara ba mu labari, abokina yana fassarawa. Matarsa ce ta tsinci karen yana kwikwiyo a bayan masana'anta. Da ciwo ya kama ta, ta ce burinta ta ga wuraren da aiki ya hana su gani, shi ne ya sayi ɗakin nan. Tafiya uku kawai suka samu yi tare. Kafin ta rasu ta ce masa duk inda za shi kada ya bar karen a gida. Yanzu zuciyar karen ta yi rauni, safe da yamma sai ya sha magani, kuma ba ya jure sanyi.

Na ce Allah sarki. Amma gaskiya rabin hankalina yana kan tazarar da ke tsakanin bakin karen da ƙafata.

Washegari wajen sha ɗaya laoban ya ce za su shiga ƙauye da abokina su sayo kaji masu rai, don in yanka da hannuna mu ci hankali kwance. Ya ɗaure ƙaramin a jikin taya. Tsohon kuwa ya ce ba ya zuwa ko'ina, barci ne aikinsa. Suka kwance motar daga ɗakin suka tafi, suka bar ni.

Azahar ta yi ba su dawo ba. Na shimfiɗa dardumata a kan ciyawa, na ɗauki buta na zagaya bayan ɗakin na yi alwala. Dawowar da zan yi sai na tarar da tsohon karen ya miƙe a kan dardumar, kansa daidai inda nake ɗora goshi. Rana ta bugi wurin, ya samu laushi da ɗumi, iyakar laifinsa ke nan.

Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Abin da hannuna ya saba tun ina yaro shi ya yi. Na daka masa tsawa, na sunkuya na ɗauki dutse. A wurinmu kare yana ganin ka sunkuya ya san zancen, kafin ka ɗago ya bar layin. Wannan bai san zancen ba. Tunda yake ba wanda ya taɓa sunkuyo masa sai don ya shafa kansa. Ya ɗago yana kaɗa min wutsiya. Ni kuma na ga kamar tasowa zai yi, sai na saki dutsen. Ya same shi a cinyar baya.

Ya yi wani irin kuka siriri, ya miƙe da ƙafa uku, ya kalle ni da idonsa mai gani. Sai ya juya ya haye tudun nan ya shige cikin gora.

Na tsaya da buta a hannu, na ce ai zai dawo. Na naɗe dardumar na cusa a leda, na shimfiɗa rigar sanyina na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba. Da na idar na je bakin gorar na leƙa, na yi ɗan fito, tsoro ya hana ni shiga. Na dawo na zauna ina kallon tudun.

Wajen ƙarfe biyu suka dawo da kaji uku, laoban yana ta dariya. Ya leƙa ƙarƙashin ɗakin, ya zagaya, ya kira sunan karen. Dariyar ta ɗauke. Daidai nan aka sake fasa nokawut a ƙauye, sai ya dafe kai. Ya ce ƙarar nan ce, bara ma haka ta firgita shi. Ya ce in ƙara ta kore shi to nesa da ƙauye zai yi, wato yamma, ta bakin ruwa. Ya juyo ya tambaye ni ko na ga inda ya bi.

Na ce ina bayan ɗaki ina alwala. Maganar gaskiya ce, amma na san abin da na ɓoye a ƙarƙashinta.

Haka muka bi bakin ruwa. Masu tantin nan suka fito suka taya mu, har da matansu. Dattijon nan yana gaba, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, yana leƙa kowane rami, yana girgiza robar maganin don karen ya san ƙararta tana zuwa da nama. Muryarsa ta fara dusashewa. Ni kuma ina biye, har da ɗaga ciyayi ina dubawa, munafukin Allah ta'ala, alhali na san kowane taku ƙara nisanta mu yake da inda karen yake. Mun fi awa biyu a haka. Rana ta fara karkata, iskar da ke tasowa daga ruwan ta fara shiga ƙashi.

Abokina ya ja ni gefe. "Alhaji, mi ya kai dardumarka cikin leda? Tun ɗazu ni gan ta. Mi ya hwaru?"

Ban iya haɗa ido da shi ba, na faɗa masa komai.

Bai zage ni ba. Ya ce, "Kai ka san inda ya yi, kana kallon tsoho yana shiga ruwa?"

Na ce, "Mutumina, in na faɗa masa shi ke nan ni da shi. Da wane ido zan kalle shi? Mutumin da ya saya min sabuwar tukunya."

"Wannan tsakaninka da shi na. Amma in rana ta hwaɗi karen ga bai sha magani ba, cikin sanyin ga, ba ya kai sahe. Kuma ni ba ni hwassara maka wagga. Da kanka za ka hwaɗi."

Ban taɓa tafiya mai nauyin 'yan takun da na yi zuwa wurin laoban ba. Ba ni da yarensa, ɗan turancin da muke ciniki da shi kuma duk ya gudu daga kaina. Sai na sunkuya na ɗauki dutse. Na nuna ƙirjina, na nuna yadda na yi jifa, na dafa cinyata, sannan na nuna masa tudun gorar. Na ce masa ya yi haƙuri da turanci, na sake faɗa da Hausa.

Ya kalli dutsen, ya kalle ni. Ya juya ya nufi tudun da sauri irin na tsofaffi, har yana tuntuɓe. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A gindin tudun numfashinsa ya gaza, abokina ya riƙe shi suka bi wata 'yar hanya da ta zagaya. Ni kuwa na kutsa ta daidai inda na ga karen ya shiga, da shaddata da takalmina sau-ciki, ina zamewa ina kama gora. Wajen rabin awa ina hawa kafin na ji wani ɗan nishi. Wata busasshiyar magudanar ruwa ce ta siminti, zurfinta ya kai ƙugu. A ciki ya faɗa, ya kasa fitowa. Yana kwance jikinsa duk taɓo, yana ta karkarwa.

Na laluba aljihu, ashe wayata tana can na bar ta a caji. Na ƙwala wa abokina kira har sau uku, ba amsa. Haske kuma ya fara raguwa a cikin gorar. Da karen ya ɗago ya gane ni, sai ya fara jan jiki yana neman lungun da zai ɓuya. Wannan ne ya karya min zuciya. Shekara talatin da wani abu ina tsoron kare, yau ga kare yana tsorona, kuma dalilinsa ya fi nawa ƙarfi.

Na sauka cikin magudanar. Na tsuguna na fara yi masa magana da Hausa kamar yana ji. "Yi haƙuri, tsoho. Ni na yi laifi. Kada ka cije ni, don Allah, mu rufa wa juna asiri." Na tuɓe rigar sanyina na lulluɓe shi, na yi bismillah na ɗauka. Nauyinsa ya kai rabin buhun shinkafa. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina, tawa ma tana nata. A tsakiyar gangara ya juyo da kai ya lashi hannuna. Saura ƙiris mu gangara ni da shi gaba ɗaya, amma ban sake shi ba.

A bakin gorar muka haɗu da su. Laoban ya karɓe shi, ya zauna daɓas a ƙasa, ya kifa fuskarsa a wuyan karen yana kuka. Na tsaya gefe da shadda duk taɓo da gashin kare, ban san inda zan sa kaina ba. Ya ba shi maganin a nan take. Wata mata cikin masu tantin ta yi ta buga waya har ta samo likitan dabbobin da bai rufe ba a garin Huadu. Laoban ya sa karen a mota ya tafi, ko kallona bai yi ba.

Da safe na haɗa jakata, na ce wa abokina ya nemo mana motar komawa gari. Na riga na gama yanke wa kaina hukunci. Ya ce in dai jira mai wuri ya dawo, ba a tafiya haka.

Da hantsi sai ga motar. Karen yana kujerar gaba, ƙafarsa a naɗe da bandeji, ƙashin ya tsage amma bai karye ba. Laoban ya sauko da shi ya kwantar a rana. Ya wuce ni ya shiga ɗakin, ya fito riƙe da ledar dardumata. Gabana ya faɗi, na ce sallamata za a yi. Sai na ga ya nufi abokina yana tambayarsa wani abu.

Abokina ya juyo, muryarsa ta canza. "Alhaji, tambaya yaka yi, ƙaƙa aka wanke ta. Sau nawa, kuma ko ana sa sabulu."

Na ce a'a, don Allah ya bari, ni zan wanke. Laoban ya girgiza kai ya yi doguwar magana. Abokina ya ce cewa yake shi ya kawo baƙo gidansa, ya yi tunanin tukunya da wuƙa, amma bai tambayi abin da ya shafi wurin sallah ba. Da ya tambaya da ya ɗaure karen. Ya ce rabin laifin nasa ne.

Jama'a, ni da na yi jifa, na kuma yi shiru awa biyu ina kallonsa cikin ruwa, ni ake raba wa laifi biyu a ɗauke min rabi. Hawaye suka zubo min, ban ma tsaya ɓoyewa ba. Da hannunsa ya wanke dardumar nan a famfon wurin, ya shanya ta a igiya. Da ya gama ya kalli jakata da ke bakin ƙofa, ya ɗauke ta ya mayar ciki. Sai ya nuna min kajin nan da ke ɗaure tun jiya, ya shafa cikinsa, ya ce, "Alhaji." Shi ke nan aka rufe maganar. Kwana biyu muka ƙara a wurin, kuma duk lokacin da ya ga na ɗauki buta, da kansa yake kiran karnukan su shiga ciki.

Ba zan ce muku na koma mai son kare ba. Har yau ba na ajiye shi a gidana, in ya lashe ni sai na wanke, in na hango shi a layi ina canza gefe. Amma hannuna bai sake ɗaukar dutse don dabba ba, kuma 'ya'yana sun san abin da zai same su in na kama su suna jifa. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da abokin da ya ƙi rufa min asirin da bai kamata a rufa ba. Da ya ce min mu yi shiru, da na yi shirun, kuma na san yadda labarin nan zai ƙare.

Karen ya ƙara shekara biyu, yana ɗan ɗingishi. Wata rana ina zaune a shagona a Kano sai ga kiran laoban, ya sa wata ma'aikaciyarsa mai jin turanci tana fassarawa. Ya ce tsohon karen ya mutu jiya, a cikin ɗakin nan mai taya, a bakin ruwa. Ya ce mutum uku kawai ya kira ya faɗa wa: ɗansa, da ƙanwar matarsa, da ni. Na ce me ya sa ni? Ya ce ai ni na sauko masa da shi daga kan tudu, ni na ba shi shekara biyun nan.

Na riƙe wayar a kunne, masu ciniki suna tsaye suna jirana. Tun daga ranar da abin ya faru har yau, ko sau ɗaya dattijon nan bai taɓa ambata min dutsen ba. Ni ne dai ban manta da shi ba, kuma ba na so in manta.